Dukan bindiga a kafaɗa: kurakuran da maharbanmu suka fi yi

Da zarar an kammala girbi ciyawa ta bushe, maharba a yankunan Ningi da Toro da Alkaleri sai su fito da bindigogi ana gogewa. Hankalin kowa yana kan bakin bindiga da harsashi. Gindin da ake jinginawa a kafaɗa kuwa ba mai waiwayarsa, alhali shi ne ke sa mutum ya kwana da kumburarriyar kafaɗa, gobe kuma ya kuskure nama a kusa.

Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke turo bindiga baya, wannan ba makawa. Abin da ake iya gyarawa shi ne yadda dukan ke isa jiki. Amma da yawa sun ɗauki dukan a matsayin shaidar kyau, har ka ji ana yabo: "Ai wannan zaunar da mutum take yi." Galibi rashin nauyi ne kawai. Bindiga mai baki ɗaya da ba ta kai kilo 3 ba, in aka ɗura mata harsashi mai lamba 12 (lambar faɗin bakin bindiga) mai ɗauke da ƙwayoyin dalma giram 36, dole ta fi mai baki biyu naushi, domin nauyin bindiga shi ke shanye wani ɓangare na dukan. Mai neman zabi da fakara da zomo, giram 28 ko 32 ya ishe shi.

Babban kuskuren, a ganina, tsawon gindi ne. Yawancin bindigogin nan gado ne ko na hannu, an sassaƙa su daidai jikin wani. Dogon mutum ya bar wa gajeren ɗansa, ɗan ya ci gaba da amfani da ita haka nan. Idan gindi ya yi tsawo, ba ya zama a lungun kafaɗa, sai ya zame kan damtse, nan ne ake samun tabon nan mai shuɗi-shuɗi. Idan ya gajarce, babban yatsa ne zai daki hanci ko leɓe. Gwajin da aka saba shi ne a sa gindin a lanƙwasar gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama. Ba laifi, amma kintace ne. Wanda ya fi shi: a tabbatar babu harsashi, a ɗaga bindiga kamar za a yi harbi, kumatu a kan katako, wani ya duba tazarar da ke tsakanin hanci da babban yatsa. Faɗin yatsu biyu zuwa uku ya yi daidai. Bindigogin Turai galibi suna zuwa da kimanin santimita 36 daga kunama zuwa ƙarshen gindi. In ya yi maka yawa, kafinta ya rage, a manna roba mai kauri a ƙarshen. In ya gaza, robar ce za ta ƙara tsawon. A yi gwajin da rigar da ake shiga daji da ita, domin rigar sanyin hunturu tana ƙara tazara.

Sai riƙo. Wanda bindiga ta taɓa duka yakan bar ɗan fili tsakaninta da kafaɗa, wai don ya rage zafi. Nan ne ma take samun wurin zabura kafin ta same shi. A manna ta sosai a jiki, a dafa kumatu a kan katako kada a ɗaga kai, ƙafar hagu a gaba ga badame, a ɗan rusuna gaba. Mai ja da baya da ƙirji shi ne ke faɗuwa zaune. Tsoron nan kuma yana zama ɗabi'a: mutum ya runtse ido ya fizge kunama kafin ƙarar ta tashi, bakin bindiga ya sunkuya, harsashi ya ci ƙasa. Shi kansa ba zai sani ba, sai abokin farauta ya tsaya a bayansa ya lura.

Wuyan katako, inda hannun dama ke kamawa, shi ne wuri mafi rauni. In ya tsage, abin da ake yi shi ne a naɗe shi da robar tayar keke ko waya. Robar tana ɓoye tsagar ne, ba ta warkar da ita, ranar da katakon ya ƙarasa karyewa, fuska ƙarfen zai nufa. A kai wa mai gyara ya haɗa da gam mai ƙarfi ko a sake katako. Baƙin man inji da ake malala wa bindiga ma yana gangarowa ya jiƙa wurin ya ruɓar da shi, don haka a rage mai, a jingine ta baki ƙasa bayan an shafa. Laya ko fatar ado kuma, a ɗinka ta nesa da inda kumatu ke sauka.

Masu bindigar toka, kuskurensu ya fi muni: ƙara albarushi don ta ƙara nisa. Abin da ke ƙaruwa shi ne duka da haɗarin fashewar bututu. Garin da ke cikin harsashin zamani kuma ba na bindigar toka ba ne sam, matsinsa ya fi ƙarfinta.

Libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai gangar harsashi, daban take, domin dukanta a tafin hannu yake ƙarewa. Siririn mariƙi na katako yana tara dukan wuri guda, ƙarfen da ya kewaye kunama ya daki yatsan tsakiya. Na roba, irin na kamfanonin Hogue da Pachmayr, yana baza shi, amma in ya yi kauri har yatsa bai kai kunama sosai ba, saiti ya lalace. Yatsa kuma kada ya kusanci gaban gangar harsashi, wuta na fita ta nan. Wannan bayani na jami'an da aka ba su ita ne a bakin aiki. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, ta toka kuma daga Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ko da lasisi a aljihu, ba a shiga gandun dajin Yankari ko na Lame-Burra da sunan farauta.