Kurakuran da shugabanni ke tafkawa a gaban kyamara, da yadda ake kauce musu

Shugaba idan ya zauna a gaban kyamara, yakan ɗauka da ɗan jaridar da ke fuskantarsa yake magana. Daga nan akasarin ɓarnar take farawa. Ɗan jarida ɗan aike ne kawai. Mai sauraro na ainihi yana can teburin mai shayi, ko a shago yana duba waya, kuma ba hirar awa biyu zai kalla ba. Guntun daƙiƙa talatin ne zai iske shi ta WhatsApp, ko ya ji fassararsa a rediyo da safe.

A watan Yunin 2012, a hirar da yakan yi da 'yan jarida kai tsaye ta talabijin, an tambayi Goodluck Jonathan dalilin da ya hana shi bayyana wa jama'a kadarorinsa. Ransa ya ɓaci, ya ce shi ko a jikinsa, a yi ta sukarsa. Yana da abin kafa hujja, domin doka Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta ce a kai wa takardar. Amma wa ya tuna da hujjar? Abin da ya zauna a zukata shi ne shugaba ya ce bai damu ba. Duk mai shirya shugaba, ya zaunar da shi tun kafin ranar, ya jefa masa tambayoyin da ya fi ƙi, har zafinsu ya huce. Tambayar da za ta tunzura ka, ranka ya daɗe, gara ka fara jin ta a falonka.

Raha ma tana da wurinta. A Oktoban 2016, bayan Aisha Buhari ta soki tafiyar gwamnati a hirarta da BBC Hausa, an tambayi Muhammadu Buhari a Berlin. Ya yi dariya, ya ce wurin matarsa kicin ne da falo da ɗaya ɗakin, ga Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, tsaye a gefensa. Cikin abokan wasa a zaure, dariya za a yi a wuce. A gaban kyamarorin duniya kuwa, fadarsa ta kwana tana bayanin cewa zolaya ce. Wasan da sai an bi shi da bayani, barinsa ya fi. Da ya ce maganar gida ce, a koma batun da ya kawo shi, da ta wadatar.

Wanda ya fi tsada shi ne fita daga rubutaccen jawabi a kan abin da ya shafi aljihun mutane. Ranar 29 ga Mayun 2023, a dandalin Eagle Square da ke Abuja, a jawabinsa na kama mulki, Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, daga baya kuma da bakinsa ya faɗa cewa maganar ba ta cikin abin da aka rubuta masa. Kafin gari ya waye gidajen mai sun fara rufewa, layuka sun dawo, cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500. Ko cire tallafin daidai ne ko kuskure, wannan muhawara ce daban, kuma manyan 'yan takarar 2023 duk sun yi alkawarin cire shi. Abin da nake nufi shi ne yadda aka faɗa. Magana zarar bunu ce, ta shugaba kuwa kasuwa tana jin ta kafin ministoci su ji. Sanarwa irin wannan tana bukatar ranar farawa, da sabon farashi, da abin da aka tanadar wa ma'aikaci da direba da mai faci, duk a zama ɗaya.

Akwai kuma tsallake abin da kowa ya zauna jira. Jawabin Buhari na 22 ga Oktoban 2020 ya zo kwana biyu bayan harbe-harben Lekki a Legas lokacin zanga-zangar EndSARS, bai ambace su ba, sai rashin ambaton ya zama labarin. Ko bincike bai kammala ba, a ce an ji, a yi jaje, a faɗi wanda aka ɗora wa binciken.

Labarin zuciya a tambayi fuska, kyamara kuwa fuskar take tambaya. A muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta 1960 a Amurka, Richard Nixon bai daɗe da barin asibiti ba, ya ƙi yarda a yi masa kwalliyar talabijin, ya yi ta zufa kusa da John Kennedy. A 1992 George Bush babba ya duba agogonsa ana tsakiyar muhawara, aka ce ya ƙosa da jama'a. Na Gordon Brown, firaministan Birtaniya na lokacin, ya fi muni: a 2010 ya shiga mota da makirufo a maƙale a rigarsa, ya aibata wata dattijuwa da suka gama magana, ƙasa duka ta ji. Ka ɗauka ana ɗaukarka tun daga shigarka har ka cire makirufon da hannunka.

Kauce wa tambaya ma ba dabara ba ce yadda ake zato. A 1997 Jeremy Paxman na BBC ya maimaita wa ɗan siyasar Birtaniya Michael Howard tambaya ɗaya fiye da sau goma, yana ta kewaye-kewaye. «Ba zan amsa wannan yanzu ba, ga dalilina» ta fi mutunci.

Sai harshe, wanda a wurinmu ya fi komai. Jawabi yakan zo da Turanci cike da tiriliyoyi, a bar wa mai fassara ya san yadda zai yi da shi. Mai sayen mudun masara bai san tiriliyan ba, ya san kuɗin mota daga Kano zuwa Zariya. A mayar masa da alƙaluman zuwa mudu da lita da kuɗin makaranta. Gwamnan da ke jin Hausa kuma ya zauna da kansa a gidan talabijin da rediyon jiharsa ya yi bayani da ita, a buɗe layin waya, kuma kada hadimai su tace masu kira.