Darasi na 7: Sabuwar kwamfuta ta ƙi kunnuwa

Ɗan ƙanwata ya yi wata da watanni yana tara riyal, yana sayen kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya a shagunan Jidda. Ranar da ya gama haɗa ta ya danna maɓalli, shiru. Fanka ba ta motsa ba, fitila ba ta kama ba. Ya kira ni muryarsa na rawa: "Kawu, na ƙona ta." Da na je ko sukudireba ban ɗauka ba. Ashe makunnin da ke bayan akwatin ne a kashe.

Don haka ka kwantar da hankalinka. Sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, wuta ce ba ta kai inda ake so ba. Aikinka shi ne bin sawun wutar tun daga bango har cikin akwati. Ka gwada abu ɗaya, ka ga sakamakonsa, kafin ka taɓa na gaba.

Fara da soket. Jona cajar waya ka gani ko akwai wuta. In da doguwar wayar nan da ake ce wa tausila ka jona, cire ta, ka sa kai tsaye a bango. Fulogi mai ƙafa uku yana da fiyus a cikinsa, shi ma yakan ƙone.

A nan Saudiyya akwai abin lura. Tun 2010 hukuma ta fara mayar da wutar gidaje zuwa bolt 230, amma tsofaffin gidaje a Jidda da Makka har yanzu akwai masu soket iri biyu, na 110 da na 220 kamar yadda mutane ke kiransu. Yawancin sababbin fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, suna karɓar daga 100 zuwa 240. Tsofaffi kuwa suna da wani ɗan jan makunni a baya. In yana kan 115 ka sa shi a wutar 220, nan take zai ƙone. Karanta lambar kafin ka jona. Sannan duba baƙin makunnin da ke kusa da inda waya ke shiga: alamar I kunnawa ce, alamar O kashewa.

Har yanzu shiru? Zare waya daga bango, buɗe murfin akwatin kwamfutar, taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Babban allon da ake kira madabod yana shan wuta ta wayoyi biyu. Babbar mai baki 24 tana da tauri, sai ka danna ta har ƙugiyarta ta ce ƙas. In kana hango 'yar tazara tsakaninta da mazauninta, ba ta shiga ba. Ta biyun mai baki 8 ce, tana can sama kusa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita aka fi mantawa. An rubuta CPU a kanta. Kada ka musanya ta da wadda aka rubuta wa PCI-E, ko da sun yi maka kama.

Inda na fi ganin ɗalibai na tuntuɓe shi ne 'yan siraran wayoyin da ke fitowa daga gaban akwati. A nan karatunka zai yi maka rana. Nemi wadda aka rubuta wa POWER SW, ka buɗe littafin madabod ɗin ka ga ƙusoshi biyun da take hawa. Kuskuren ƙusa ɗaya ya isa ya hana maɓalli aiki. Don ka tabbatar, cire wayar, mayar da wuta, ka haɗa ƙusoshin nan biyu kaɗai da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. In fanka ta juya, laifin maɓalli ne ko wayarsa.

In ba ta juya ba, fito da madabod ka ɗora shi kan kwalinsa, ka bar furosesa da fankarsa da ram guda ɗaya kawai, wato siririn katin da ke riƙe bayanan da kwamfuta ke aiki da su. Jona masa wayoyin wuta biyun nan, ka sake haɗa ƙusoshin da sukudireba. In ya tashi a nan, wani ƙarfe ne ke taɓa bayansa a cikin akwati, galibi ƙusar da ta faɗa ko 'yar ƙafar tagulla, irin waɗanda madabod ke zama a kansu, da aka ɗaura ba a gurbinta ba. In ya ƙi, ari fawa saflai mai aiki tare da wayoyinsa ka gwada. Amma ina roƙonka, kada ka buɗe cikin fawa saflai. Yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango. Wanda bai yi ba, haɗa shi da rasit ka mayar shago.

Wani lokaci fanka na juyawa amma allon kallo baƙi ƙirin. Wannan ta kunnu. Sake danna ram har ya zauna daram, ka kuma tabbata wayar allon kallo tana jikin katin hoto, wato katin da ke aika hoto zuwa allon kallo, in akwai shi.

Aikin gida: rubuta a littafinka kalmomin da ka karanta a kan wayoyi uku na cikin kwamfuta, da inda kowacce take shiga. Ka zo da shi aji na gaba.