Shawara ga masu fama da matsattsiyar shimfiɗa a lissafin tazara

Salamu alaikum 'yan'uwa ɗaliban lissafi na Marwa da Ngaundere. Kafin ku kama haddar ma'anar matsattsiyar shimfiɗa (tight span, wato siffar da ke haɗa ɗigogi ba tare da canza tazarar da ke tsakaninsu ba) da masanin lissafi Isbell ya kawo a 1964, wadda wani masanin lissafi, Dress, ya sake ganowa a 1984, ku ɗauki biro ku zana ɗigo 3 tukuna.

A ce tazarar A da B 5 ce, A da C 7, B da C 8. Shimfiɗarsu hanyoyi uku ce da suka haɗu a mararraba ɗaya. Ƙafar A, wato hanyar A zuwa mararrabar: haɗa 5 da 7, cire 8, raba biyu, ka samu 2. Ta B 3, ta C 5. Gwada ka gani, 2 da 3 sun ba da 5 cif.

A ɗigo 4 ne abin ya fi daɗi. Lissafa AB+CD, AC+BD, AD+BC, inda AB ke nufin tazarar A da B, haka sauran. In manyan biyun sun zo daidai, siffar bishiya za ka samu. In sun bambanta, fili mai kusurwa huɗu zai fito a tsakiya, kowace kusurwa da ƙafarta. Don Allah a kula, wajen auna tazara cikin filin nan ba a yanke hanya a karkace, tsawo da faɗi ake haɗawa. Nan ne da yawa ke yin tuntuɓe.