Lokacin zuwa Masai Mara da Serengeti

Jama'a, in dai dabbobi za ku je gani a gandun dajin Masai Mara na Kenya ko na Serengeti na Tanzaniya, ku tafi da ranin can, tsakanin Yuli da Oktoba. Ciyawa ta kwanta, ruwa ya ja baya, dabbobi kan taru bakin kogi, ba sai kun yi ta yawo kuna ƙona mai ba. A wannan lokacin ne garken nyumbu, masu kama da gwanki, da jakunan dawa ke tsallaka kogin Mara, kada na jiran su.

Amma fa ba su da agogo. Za ku iya wuni a mota, su tsaya bakin ruwa su fasa. Ku ware kwana uku aƙalla.

Afrilu da Mayu masauki ya fi araha, sai dai laka. Mai son ganin haihuwar nyumbu ya nufi kudancin Serengeti a Fabrairu.