Yankewar kayan asibiti: inda 'yan kasuwarmu na Legas ke tuntuɓe

"Alhaji, kamfani ya daina yi." Duk mai kai kaya asibitocin Idi-Araba ko Ikeja ya san wannan amsa. Na'ura na nan lafiya lau, amma tsinken gwajin suga ko bututun wankin ƙoda da take aiki da shi ya ɓace a kasuwar Idumota. Sau da yawa kamfanin ya riga ya sanar, ba mu ya gaya wa ba ne kawai.

Babban kuskure shi ne zaton dokar Turai ta haɗa da mu. Tun 10 ga Janairu 2025, sashe na 10a na dokar kayan asibiti ta Tarayyar Turai ya wajabta wa kamfanin da ya hango zai katse ko daina wani kaya ya ba da sanarwa aƙalla wata 6 kafin nan. Zai gaya wa hukumar ƙasar da yake, da dillalai da asibitocin da yake ba kaya kai tsaye, shi kuma dillali ya isar wa na ƙasa da shi ba jinkiri. Sai dai ma'aunin shi ne cutarwar da za ta iya samun marasa lafiya a ƙasashen Tarayyar. Mai jinya a Agege ba ya cikin lissafin. Idan kuwa ta hannun wani a Dubai kake saye, ai sai labari ya tsufa kafin ya iso ka. Gyaran na cikin yarjejeniyarka: a rubuta cewa duk sanarwar da mai ba ka kaya ya samu, zai turo maka cikin kwanaki kaza. Wanda ya ƙi sa hannu, ka fara neman wani.

Wasu kuma sun dogara da jerin kayan asibitin da suka yi ƙaranci da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ke wallafawa, in ba su ga kaya a ciki ba sai su saki jiki. Sashe na 506J na dokar abinci da magunguna ta Amurka, wanda ya zo a Maris 2020, yana tilasta wa kamfani ba da sanarwa ne a lokacin ta-ɓacin lafiya ko gab da shi, kuma na korona ya ƙare a 11 ga Mayu 2023. Bayan nan ganin dama ne. Duk da haka a riƙa leƙawa, don a 2024 kwalaben BACTEC na gwajin ƙwayoyin cuta a jini sun shiga jerin.

Kada a haɗa yankewa da janye kaya saboda lahani. Na farko a nemi ƙari, na biyu a kwashe daga kanta.

Sai lissafin wata 6 ɗin nan, da ake gani kamar lokaci ne mai yawa. Cire neman dala, cire tafiyar jirgin ruwa, cire zaman kwantena a Apapa ko Tin Can. In madadin da ka samo ba shi da rajistar NAFDAC, wannan ma wata tafiyar ce, kuma shigo da shi a ɓoye neman asara ne. Tambayi ma'aikacin ɗakin gwaji tun da wuri ko madadin zai shiga na'urarsu, domin tsinken wani kamfani ba ya aiki a na'urar wani.

Akwai kuma mai jin labari ya yi gum, ya tara kaya yana jiran farashi ya hau. Riba ce ta wata biyu, asibitin kuma ba zai manta ba. Ranar da labari ya zo, a rubuta wa mai kula da sito na asibitin yawan abin da ya rage da ranar da ake sa ran zai ƙare.