Kafin ka haɗa AI da After Effects, gwada bayanin tul ɗinka a kan mutum

Jama'a masu sa AI ya riƙa yi muku animeshon a manhajar After Effects, ga wata dabara.

Bayanin da ka rubuta wa kowane tul (wato ɗan kod ɗin da AI ke kira ya yi masa wani aiki), fara tura wa yaron shagonku wanda bai ga kod ɗin ba. Ce masa: "Sa tambarin nan ya bayyana a hankali cikin sakan 2." Ya faɗa maka tul ɗin da zai ɗauka da lambobin da zai saka.

Duk inda ya tsaya ya tambaye ka, to nan bayanin ya gaza.

Dalili kuwa, AI sunan tul da bayanin nan da jerin abin da ake saka wa tul ɗin kawai yake karantawa, kuma ba kasafai yake tambaya ba, cankawa zai yi ya wuce, kai kuma ka yi ta renda (fitar da bidiyo) man janareta na ƙonewa ga kuɗin API (hanyar da kod ɗinka ke kiran AI) da dala ake biya.

Inda aka fi faɗawa: a skirif na After Effects da sakan ake ƙirga lokaci ba firem ba, leya ta farko lamba 1 ce ba 0 ba, opacity (ƙarfin bayyanar abu) 0 zuwa 100 amma kala 0 zuwa 1, Y (lambar matsayi daga sama zuwa ƙasa) kuma ƙasa yake ƙaruwa. Rubuta su ƙarara. Ka kuma faɗi inda BA a amfani da tul ɗin.

Amma fa kar ka kai wa gogaggen editan bidiyo na Zoo Road a Kano bayanin, da kansa zai cike giɓin bai ma lura ba. In kuma tul ɗin suna da yawa suna kama da juna, dole ka gwada da AI ɗin kansa, a kan kwafin aikin.