Kafin ka ɗora zarto a kan reshen maƙwabci a Ingila

Gidan da muka fara kamawa haya a Ingila yana da ɗan fili a baya, kuma bishiyar tuffa ta dattijuwar da ke maƙwabtaka da mu ta miƙo rassa ta kan shinge har ta lulluɓe igiyar shanya. Kaya ba sa bushewa, ga 'ya'yan suna zubowa suna ruɓewa a ƙasa. Wata Asabar na aro zarto na jingina tsani. Ina kan hawa sai ga wani ɗan uwa da ya daɗe a ƙasar ya shigo, ya ce, "Malam, sauko tukuna. Ka yi mata magana?" Ban yi ba. Har yau ina gode masa, domin abubuwan da ya faɗa mini a ranar ban san ko ɗaya ba.

A Ingila da Wales kana da hakkin yanke reshe ko saiwar da ta shigo filinka. Wannan tsohon hukunci ne, tun shari'ar Lemmon da Webb a 1894. Amma hakkin ya tsaya daidai kan iyaka. Ba za ka miƙa hannu ka rage wa bishiyar tsawo ba, ba za ka tsallaka gidan mutum ba da izininsa ba, kuma idan yankan da ka yi ya kashe bishiyar ko ya sa ta faɗi, ana iya neman diyya a wurinka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rassan da ka yanke ba naka ba ne, na mai bishiya ne, haka ma 'ya'yan da ke jikinsu. Sai ka tambaye shi ko yana so. In ya ce ba ya so, kai ne da kwashewa. Kada ka kuskura ka wurga masa su ta kan shinge, wannan kaɗai ya isa ya ɓata zaman shekaru.

Akwai bishiyoyin da kansil, wato ƙaramar hukumar yankin, ta sa wa takardar kariya, wadda suke kira TPO. Irin waɗannan yawanci ko reshe ɗaya ba a taɓawa sai da izini a rubuce, wanda ya saɓa kuma kotu na iya cin sa tara mai nauyi. In unguwarku tana cikin wuraren da ake adanawa saboda tarihi, sai ka sanar da kansil mako 6 kafin ka fara aiki. Don sanin ko bishiyar ko unguwar tana cikin waɗannan, waya ɗaya ko dubawa a shafinsu na intanet ta wadatar. Sannan ka leƙa cikin ganye da kyau, domin dokar 1981 ta haramta lalata sheƙar da tsuntsu ke ciki, kuma daga Maris zuwa Agusta ne lokacin da suka fi yin sheƙa.

Yawancinmu haya muke yi da farko, don haka ka fara sanar da mai gida ko wakilinsa, a rubuce, da hoto. Wani lokaci ma shi zai ɗauki nauyin aikin.

Wani abin da ke haɗa maƙwabta faɗa a nan shi ne shingen itatuwa masu ganye rani da damina, musamman wanda ake kira lelandi, mai saurin girma har ya tare wa gida rana. Dokar 2003 ta ce in itatuwan sun kai biyu ko fiye a jere, tsayinsu ya wuce mita 2, kana iya kai ƙara kansil. Sai dai yawanci za ka biya kuɗin duba ƙarar, kuma tambayar farko da za su yi maka ita ce wane ƙoƙari ka yi na sasantawa da mutumin. Saboda haka ka riƙa ajiye kwafin duk wasiƙar da ka rubuta masa, da kwanan wata.

Wanda na fi jin tsoro shi ne mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Gora tana tura saiwa ta ɓulla a tsakiyar filinka, nesa da inda aka shuka ta. Ciyawar Japan da suke kira notwid ta fi ta muni: jan tsiro a farkon bazara, kara mai gaɓoɓi kamar gora, ganye mai faɗi. Ɗan guntun saiwarta ya isa ya sake tsirowa, ba a zuba ta a kwandon shara na gida, kuma tana iya sa banki ya ja baya wajen ba da bashin sayen gida. In ka gan ta kada ka sare, ka ɗauki hoto ka kira mai gida.

Wanda yake Faransa kada ya ɗauki wannan bayani ya yi aiki da shi. A can ba ka da ikon yanke reshen da kanka, sai dai ka sa mai shi ya yanke, amma saiwa kana iya datsewa a kan iyaka. A Jamus kuma sai ka fara ba shi wa'adi tukuna kafin ka yanke reshen.

Ni dai washegari na ƙwanƙwasa ƙofar dattijuwar. Na gaishe ta, na faɗi sunana, na ce rassan suna hana mu shanya, ko za ta zo ta gani da idonta. Ta sa takalmi ta biyo ni. Ta daɗe tana kallon bishiyar, sannan ta ce marigayi mijinta ne ya shuka ta, kuma tun da ya rasu ba ta iya hawa tsani. Ta roƙe ni in bari sai hunturu, lokacin da ganye ya zube, don a lokacin ne ake yi wa tuffa aski ba tare da ta ji jiki ba. Kafin nan, ta ce, duk abin da ya nuna a ɓangarenmu yara su tsinka. A watan Janairu na hau tsanin, ita tana tsaye a ƙasa cikin rigar sanyi tana nuna mini da sanda reshen da zan cire da wanda zan bari.